An Ce In Riƙa Kiran Sunansa, Alhali Ɗan Farina Ne

Assalamu alaikum Gwaggo Dije. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, domin abin ya daɗe yana cina a rai, kuma duk wanda na fara faɗa wa sai ya yi dariya kafin in kai ƙarshe. Ki sakaya sunana. Ni matar aure ce a Unguwar Mu'azu, ina ɗinki a gida, maigidana kuma yana sayar da kayan gyaran babur. Yaranmu uku: babban namiji ne mai shekara tara, sai Fatima, sai na goye. A kan babban nake rubuto miki.

Tun yana rarrafe muka gane ba irin sauran yara ba ne. In ya shigo ɗaki kamar an saki akuya a rumfar mai tumatir. Ba ya zama, ba ya gama abin da ya fara. In aka aike shi sayen magi, zai dawo da cikakken labarin yadda wani yake kwance janareto a bakin titi, ba magin, wani lokacin ma ba takalmi ɗaya. Maƙwabta sun gaji da kawo ƙara, ni ma na gaji da ba da haƙuri, ɗan kuka dai shi ke ja wa uwarsa jifa. Amma wallahi Gwaggo ba mugunta gare shi ba. Shi ne zai raba biskit ɗinsa da yaran layi ya tashi ba ko ɗaya. In ya yi ɓarna aka dake shi, kukan da yake yi ba na zafin duka ba ne kawai, za ki ga shi kansa bai san yadda aka yi hannunsa ya kai wurin ba.

Makaranta kuwa sai addu'a. Aji uku yake maimaitawa yanzu. Haruffa juye masa suke yi, abin da ya karanta jiya yau kamar bai taɓa gani ba. A Islamiyya in aka biya sura ya ji da kunne sai ya riƙe tsaf, har ya fi na gaba da shi, amma da an ce ya nuna da yatsa a takarda shi ke nan, sai bulala.

Babu abin da ba mu gwada ba. Babansa ya yi dukan har ya gaji. An yi rubutu an yi tofi. Na ba shi zuma da habbatussauda. Wata maƙwabciyata ta ce zaƙi ne, na hana shi alewa da lemon kwalba har shayi ba sukari, yaro ya koma laɓewa yana lasar gwangwanin madara. Wata a waya ta tallata mini garin buɗe ƙwaƙwalwa, na saya, abin da ya buɗe masa ciki ne kawai, ya yini yana zaryar banɗaki. Da aka ce ko iska ce, muka kai shi wurin wani malami mai ruƙiyya. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ya yi karatunsa ya gama, ya ce shi bai ga komai a jikin yaron nan ba, mu nemi asibiti.

Malamar ajinsu, Malama Eunice, 'yar Kudancin Kaduna ce da ta yi karatu a kan koyar da irin waɗannan yara, ita ta nuna mana inda za mu. Likita ya yi mana tambayoyi masu yawa, ya ji ta bakin makaranta, daga baya ya ce yaron yana da wata larura mai sunan Turanci, ma'anarta dai hankalinsa ba ya tsayuwa wuri ɗaya kuma jikinsa yana riga tunaninsa, ga kuma wahalar karatu a kai. Ya ce akwai magani na sha, amma ana iya farawa da hanyoyin da ba na sha ba a ga yadda za a yi. Maigidana yana jin an ambaci ƙwaya ya miƙe tsaye. A layin shagonsa kullum yana ganin samarin da ƙwaya ta lalata, ya rantse ba ƙwayar da za ta shiga bakin ɗansa yana raye. Ni har na ji daɗi, na ɗauka wani abinci za a ce a riƙa ba shi, ko wani motsa jiki.

Ashe ni ce maganin. Malama Eunice ta zaunar da ni bayan an tashi makaranta ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce kafin in sa shi komai in je kusa da shi, in kira sunansa, in rusuna har idona ya haɗu da nasa, in faɗi abu ɗaya tak, in sa ya maimaita. In ya yi, in yaba masa nan take da babbar murya, in faɗi abin da ya yi daidai. Kullum in ware ɗan lokaci ni da shi kaɗai, mu yi abin da yake so, ba faɗa ba gyara. Karatun kuma ta ce in zuba gari a tire, in ɗora hannuna a kan nasa muna zana harafi da yatsa muna faɗar sautinsa.

Gwaggo, ke Bahaushiya ce, na san kin riga kin hango inda gizo yake saƙar. Ɗan farina ne. Kuma sunan marigayi mahaifin maigidana aka sa masa, sunan annabin nan da ya riƙi Nana Maryam. Mu asalinmu mutanen Dutsin-Ma ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ko laƙabin da babansa yake kiransa da shi, wato Halifa, bai taɓa fita daga bakina ba. In ina son sa, sai in ce kai, ko in ce wa Fatima ta gaya wa yayanta, ko in jefa maganar a iska in ce a zo a ɗauke kwanon nan. Ba na cin abinci da shi, ba na tsura masa ido, balle yabo. Ni ma 'yar fari ce. Har yau Inna, mahaifiyata, waccan take ce mini. A ɗakin kakata na tashi, ita ta goya ni, ita take mini kitso tana mini kirari, kuma ban taɓa shakkar cewa Inna tana sona ba.

Da na faɗa wa Malama Eunice haka, da farko ta yi dariya ta ɗauka wasa nake. Da ta ga fuskata sai ta daina. Ta ce yanzu ta gane wata magana. Wai farkon shekara ta tambayi kowane yaro sunan da ake kiransa da shi a gida, shi ya ce kakarsa tana ce masa Maigida, babansa Halifa, Umma kuma ba ta kiransa sai in ya yi laifi. Har na iso gida hawaye nake sharewa da bakin hijabi.

Na daure na gwada. Wata rana da ya dawo daga makaranta gidan hayarmu ba kowa a tsakar gida, na durƙusa a gabansa na kira laƙabin. Yaron nan ya sandare. Ya dube ni ya sake dubana, sannan ya tambaye ni wai ko ba ni da lafiya ne. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Muka ci gaba a ɓoye, kullum tsakanin dawowarsa da tafiya Islamiyya, na sako labule. Ba zan ce miki ya warke ba, bai fasa ɓatar da fensir ba, bai fasa hawa katanga ba. Amma ya fara cire yunifom ya rataye, ya fara dawowa da abin da aka aike shi. Wata rana muna tafiya ya ja mini hijabi ya haɗa haruffan da ke jikin allon wani shagon aski, ya karanta kalma guda da kansa. Malama Eunice ma ta aiko cewa ta ga canji a aji.

Ana haka sai ga Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Unguwar Sanusi ba sanarwa, tare da ƙanwarta. Suka ɗaga labule suka same mu a tabarma, hannuna a kan nasa cikin tire, ina kiran laƙabin ina ce masa ya burge ni. Hajiya ta yi salati ta tafa hannu, ta ce ashe da rabon ta ga wannan rana, saura in ɗauko zani in goya shi. Hajiya ba muguwa ba ce, tana son jikan nan kamar ranta, amma bakinta ba ya ajiya. A wani suna da aka yi a danginsu ta kwaikwayi muryata a gaban mata, aka yi ta shewa, wata ta ce kamar a kaina aka fara haihuwa. Magana ta kai Dutsin-Ma. Inna ta kira ni a waya, ba ta yi dogon faɗa ba, ta ce kawai ba ta san ta haifi wadda za ta kunyata ta a gidan mutane ba.

Daga ranar bakina ya koma yadda yake. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron ya yi ta ɗauko tiren da kansa, ya zuba garin, ya zo ya tsaya kusa da keken ɗinki. Ni kuma sai in duƙar da kai kamar aiki ya sha mini kai. Da ya gaji ya daina ɗaukowa.

Yanzu abin ya fi da lalacewa. Ya yi faɗa a aji, kwanan baya kuma ya fice daga makaranta ya bi wani mai tallan tantabaru har ya tsallaka babban titi, saura kaɗan Keke Napep ta kwashe shi. Shugaban makarantar ya ce in ba a ga canji ba zuwa ƙarshen zangon nan mu nema masa wani wuri. Maigidana ya yanke shawara: ana yin hutu zai kai shi riƙo wurin wansa, Yaya Yahaya, da ke noma a Kakau. Ya ce boko ba na kowa ba ne, kuma a can ne kaɗai ya taɓa ganin yaron a natse. Gaskiya ya faɗa, na gani da idona a hutun bara, yini yake yi yana bin awaki da ban ruwa, ya ci tuwo ya yi barci ba a ɗaga masa murya ba. Amma gidan Yaya Yahaya yana can cikin gona, nesa da makaranta, kuma kin san in babban wa ya karɓi ɗa riƙo ba a zuwa a ce a dawo da shi. Ni kuma uwar ɗan fari ba ni da bakin cewa kar a tafi da shi, wata rashin kunyar ce kuma. Maigidana bai san mun taɓa yin abin tiren nan ba, bai san ya fara aiki ba, bai san dalilin da na daina ba. Shi a ganinsa an gwada hanyar malamar a makaranta ba ta yi ba.

Gaba kura baya sayaki, Gwaggo. Ina son yaron nan, ina jin tsoron a raba ni da shi bai taɓa ji daga bakina ba. Shin kunyar da na yi masa ce ta jawo masa larurar? Wannan hanya magani ce da gaske, ko al'adar wasu ce kawai aka ba ni? Wani lokacin har ina tunanin in koma wurin likita a ɓoye in karɓo na shan, in huta da abin kunya. Ko in haƙura in bar shi ya tafi Kakau? Hutu ya kusa.

Taki,
Uwar Wane, Unguwar Mu'azu

Wa alaikumus salam, Uwar Wane.

Na karanta wasiƙarki daga sama har ƙasa ina neman sunan yaron nan, sai kewaye-kewaye na tarar har da tarihin annabawa. To ni ba surukina ba ne, bari in faɗa miki shi: Zakariyya'u. Allah ya jiƙan mai sunan, ya raya takwaransa. Ban yi miki dariya ba, 'yata. Ni ma uwar ɗan fari ce, na san nauyin da harshe yake yi.

Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba. Kunyarki ba ita ta jawo masa larurar nan ba. 'Ya'yan fari nawa aka rena a ƙasar Hausa da kai da wancan, suka tashi a natse suna karatu? Kuma iyaye nawa ne suke kiran sunan ɗansu safe da yamma amma yana fama da irin wannan? Ni ba likita ba ce, shi ya sa na tambayi wata likitar yara da na sani kafin in amsa miki. Ta ce abin halitta ne, yakan ma bi jini, ba rashin tarbiyya ba ne kuma ba alewa ce take kawo shi ba. Wata rana in Hajiya tana cikin raha, ki tambaye ta yadda maigidanki yake yana yaro, wataƙila ki sha labari.

Hanyar da Malama Eunice ta koya miki kuwa ba al'adar kowa ba ce, tana cikin abubuwan farko da masana suke ba iyayen irin waɗannan yara. Dalilin a fili yake. In kika jefa magana a iska, Fatima za ta cafe, shi kuwa kafin ta iso kunnensa hankalinsa ya bi ƙuda ya fita ta taga. Sai an kira shi an tsayar da idonsa sannan maganar take samun wurin sauka. Yabon kuma, yaron da yake shan tsawa daga safe zuwa dare yana bukatar ya san wane abu ne in ya yi ake murna, in ba haka ba me zai maimaita? Ba sai na kawo miki hujja daga nesa ba, ke da kanki kin ga ya karanta allon mai aski. Sai dai kar ki sa ran warkewa rana ɗaya. Zai ci gaba ya koma baya ya sake ci gaba, sannu ba ta hana zuwa.

Ki bar garin waya da duk wani mai cewa yana da abin da zai buɗe ƙwaƙwalwa. Zuma abinci ce mai kyau, ki ba shi, addu'a kuma ba a dainawa. Ki mayar masa da sukarin shayinsa daidai misali. In ba a duba idonsa da kunnensa ba, ki sa a duba, domin wani lokacin suna ƙara wa karatu wahala ba a sani ba. Ya riƙa kwanciya da wuri, a rage masa kallon waya, a bar shi ya yi guje-guje ya gaji kafin a ce ya zauna karatu.

Maganar na sha kuwa, kar ki kuskura ki karɓo a ɓoye. Ranar da maigidanki ya gano, kin rasa yardarsa, yaron kuma ya rasa duka hanyoyin biyu. Tsoron da yake ji ba shirme ba ne, abin da idonsa yake gani ne a bakin shago. Amma maganin da likita ya auna ya rubuta yake kuma bibiya daban yake da abin da samari suke saya a lungu, kuma akwai yaran da sai an haɗa musu da shi suke samun sauƙi. Kar a rufe ƙofar da rantsuwa. In an yi watanni ana bin hanyar nan da gaske ba a samu yadda ake so ba, shi da kansa ya koma ya zauna da likitan ya yi duk tambayoyinsa. Ki kuma sani ko an sha magani, ba shi zai koya masa haruffa ba, tiren nan dai ba makawa.

Yanzu ga kunya. Ba zan zage ta ba, ado ce, kuma waɗanda suka kafa ta ba marasa tausayi ba ne. Amma ki sake karanta abin da kika rubuto mini. Kin ce ba ki taɓa shakkar son Inna ba, kin kuma ce a ɗakin kakarki kika tashi, ita take miki kitso da kirari. Haka al'adar take a cike: uwa ta ja baya saboda ga kaka, ga gwaggo, ga matan baffanni, kowa yana jan yaron a jiki. To a ɗaki da falonku na haya, da kika ja baya, wa ya matso? Hajiya tana Unguwar Sanusi, Inna tana Dutsin-Ma, babansa yana shago. Rabin al'adar kika taho da shi birni, aka baro ɗaya rabin a gida. Addini bai hana uwa kiran ɗanta ko jan sa a jiki ba, kuma ko azumi da yake farilla ana ɗauke wa marar lafiya. Sunan surukinki ki ci gaba da sakaya shi har abada, ba wanda zai cutu. Amma Halifa ki kira shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kuskurenki ɗaya ne, kuma mai gyaruwa ne: kin bar mutanen da suke yanke hukunci a kan yaron nan cikin duhu. Hajiya ta ɗaga labule ta ga suruka tana shagwaɓa ɗan fari, ba wanda ya ce mata magani ake yi. Inna labarin shewa ta ji. Maigidanki kuma yana shirin kai ɗansa Kakau a kan cewa hanyar ta gaza, alhali ba ta gaza ba, dakatar da ita aka yi. Ki fara da shi, kuma kar ki jira hutu. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini, har da allon mai aski, har da wayar Inna. In bakinki ya yi nauyi, ki roƙe shi ya raka ki wurin Malama Eunice ta faɗa masa abin da ta gani a makonnin nan. Ba ce masa za ki yi kar a kai yaro ba. Roƙonsa za ki yi a ɗaga maganar zango ɗaya ko biyu a gwada hanyar a fili, da hannunsa a ciki, domin shi ma yana da ido da bakin yabo.

Hajiya kuma aikin ɗanta ne ya same ta, ba naki ba. Ya gaya mata likita ne ya ce a yi, in da hali a tafi da ita ganin likita na gaba ta ji da kunnenta. Kuma a ba ta nata aikin. Ita da take da izinin wasa da Maigidanta a gaban kowa, ta riƙa zuwa ko a riƙa kai mata shi yana biya mata sura tana yaba masa. A tambaye ta cikin ladabi ko za ta so mai sunan mijinta ya girma bai iya karanta sunan ba. Ina kyautata zaton bakin da ya kwaikwaye ki a gidan suna shi zai fara rama miki. Inna kuwa ki kira ta da kanki, ki ba ta haƙuri, ki ce jikanta ne ba lafiya kuma wannan ne maganin da aka rubuta. Ko ba ta amsa miki da daɗi a ranar ba, ta ji.

Kakau kar ki ɗauke ta abokiyar gaba. Maigidanki ya lura da abin gaskiya, yaron yana samun natsuwa in jikinsa yana aiki a fili, kuma wannan ma wani ɓangare ne na maganinsa. Ya riƙa zuwa hutu da wasu ranakun Asabar, amma a faɗa wa Yaya Yahaya tun farko cewa ziyara ce ba riƙo ba, don kar a zo ana jin nauyin juna daga baya. A gida ma a nema masa abin kula, ko kaji biyu ne ko tumatir a buhu, ya zama nasa. Ku je wurin shugaban makaranta ku biyu, ku roƙi a zaunar da shi a gaba, a riƙa ba shi aiki gajere-gajere, a riƙa aikensa goge allo in zama ya ishe shi, a kuma sa ido a ƙofa saboda titin nan. Malamin Islamiyya a yi masa bayani ya ajiye bulala ya bar shi da haddarsa ta kunne. In makarantar ta ƙi, a nemi wata, ba a kanta karatu ya ƙare ba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran izinin kowa. Yaron da ya yi ta kawo tire kina duƙar da kai bai san da Hajiya ba, bai san da wayar Inna ba. Irinsu in abu ya lalace kansu suke ɗora wa laifi, domin sun saba su ne masu laifi. Yana can yana lissafin abin da ya yi da Umma ta daina kiransa. Dariyar gidan suna takan watse kafin magariba, amma wannan lissafin yaro yakan girma da shi. Gobe in ya dawo daga makaranta, ki tashi daga kan keken, ki zuba garin da hannunki, ki bar labulen a ɗage, ki kira shi. In ya sake tambayarki ko ba ki da lafiya, ki ce masa lafiyarki ƙalau, kewarsa kika yi.

Allah ya ba shi lafiya da ilimi mai amfani, ya sanyaya zukatan manyanku, ya ba ki ladan reno.

Gwaggo Dije